Lambun Bayan Gida Na Ba Da Miya, Tuwo Kuwa Sai Gona

Tun daga watan Mayu na 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur, farashin abinci kuma ya yi tashin gwauron zabo, ba mu daina jin manyan ƙasar nan suna kira ga jama'a da su koma noma ba. A watan Yuli na shekarar, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a kan abinci. Zuwa tsakiyar 2024, hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ba da labarin cewa tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a cikin shekara guda. Uwargidan shugaban ƙasa kuma, Oluremi Tinubu, ta buɗe wa matan ƙasar nan gasa, wai kowane gida ya kasance da lambunsa, har da kyautar kuɗi ga wadda ta yi fice. Aka yi ta nunawa a talabijin, ga manyan mata riƙe da bokitin ban-ruwa, ga alayyafo kore shar a bayan gidajen gwamnati.

Mu a wannan shafi muna goyon bayan wannan kira, kuma muna roƙon masu karatu su karɓe shi hannu biyu. Amma za mu yi wa jama'a rashin adalci idan muka tafa kawai muka yi shiru. Akwai abin da lambun bayan gida zai iya yi wa iyali, akwai kuma abin da ya fi ƙarfinsa. Akwai nauyin da ke wuyan maigida da uwargida, akwai wanda ke wuyan gwamnati ita kaɗai. Idan aka cuɗa waɗannan, to talaka ne zai kwana a ciki.

Bari mu fara da amfanin abin. Kowace uwargida ta san cewa kuɗin cefane ne ke cinye aljihu a hankali, yau tumatir, gobe attarugu, jibi albasa. Fili kaɗan a gefen ɗaki, wanda bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ko biyar ba, yana iya rage wannan nauyi. Alayyafo kan isa tsinka cikin mako uku zuwa huɗu. Kuɓewa kan fara 'ya'ya cikin wata biyu. Yakuwa da rama da lalo da karkashi ba su da wuyar sha'ani, kabewa kuma tana hawa danga ko rufin ɗaki ba tare da ta ci wa kowa wuri ba. Bishiyar zogale ɗaya ko biyu a tsakar gida takan ba da ganye kusan duk shekara. Wanda ya tuna yadda tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kaduna da Kano a 2016, har miya ta gagari masu albashi, ya san darajar tumatir biyar da aka tsinko a bayan ɗaki.

Maganar ba ta tsaya a aljihu ba. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, ba su kai tsawon shekarunsu ba, a arewa maso yamma kuwa sun haura rabi. Yawancin waɗannan yara ba da ciki wayam suke kwana ba. Suna cin tuwo, suna shan kunu, amma ganye da wake da ƙwai da 'ya'yan itace sun yi musu ƙaranci. Hukumar lafiya ta duniya tana ba da shawarar babba ya ci giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itace a kowace rana. Gida nawa ne a cikinmu ke iya sayen wannan a kasuwa? A nan lambu yake da ranarsa, kuma babu mai gardama.

To, amma mu yi lissafin tuwo. Buhun masara mai kilo 100 yana ɗaukar tiya wajen 40. Gidan da ke cin tiya ɗaya a rana, kuma wannan ba babban gida ba ne a wurinmu, zai ci buhu tara a shekara. Ƙaramin manomi a ƙasar nan ba kasafai yake wuce buhu 20 a hekta ɗaya ba. Ke nan buhu tara ɗin nan yana bukatar wajen rabin hekta, wato filin gini goma irin mai ƙafa 50 da ƙafa 100 da ake yankawa a birane. Mai gida a Kaduna ko Jos ko Yola, in ya yi sa'a, fili ɗaya yake da shi, ginin kuma ya cinye mafi yawansa. Saboda haka duk wanda ya ce wa jama'a lambun bayan gida zai kori yunwa daga ƙasar nan, bai zauna ya yi lissafi ba. Miya za ta fito daga bayan ɗaki. Masara da dawa da gero da shinkafa da doya da acca kuwa, sai an je gona.

Zuwa gonar kuwa shi ne ya zama abin tsoro a wurare da yawa. Ba mu manta da manoman shinkafa da aka yi wa yankan rago a Zabarmari ta jihar Borno a watan Nuwamba na 2020 ba. Ba mu manta da ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi da aka afka wa a jajiberin Kirsimeti na 2023 ba. A Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja, manoma sun sha biyan 'yan bindiga kuɗi kafin su yi shuka, su sake biya kafin su yi girbi. A kudancin Kaduna da Binuwai da Taraba, akwai iyalan da suka bar gonakin kakanninsu suna zaune a sansani ko a raɓe a gidajen dangi. Mutumin da aka raba da kadada biyar, ba za a miƙa masa ƙullin irin alayyafo a ce an share masa hawaye ba. Tallafi na farko da gwamnati za ta ba mai noman abinci shi ne ya tafi gonarsa da safe ya komo da yamma lafiya. Wannan aiki kuwa babu mai iya ɗauke mata shi.

Idan ba a manta ba, wannan kira na noman bayan gida tsoho ne. A 1976 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, wanda aka fi sani da OFN. An umurci ma'aikata da sojoji da makarantu su nome duk wani fili da ke zaune banza, an sauƙaƙa kuɗin takin zamani, an ƙarfafa kiwon kaji a gidaje, an kuma tura ɗaliban jami'a ƙauyuka a lokacin dogon hutu don su taimaki manoma. Da yawa daga cikin dattawanmu suna tuna gonakin makaranta na wancan zamani. Kafin wannan ma, ƙasar Gana ta yi irin nata a 1972 a zamanin Acheampong. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta sauya wa shirin suna da fasali, a 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar DFRRI mai kula da abinci da hanyoyin karkara, a 1987 kuma uwargidansa Maryam ta zo da shirin kyautata rayuwar matan karkara. Kowane ya zo da kiɗa da tuta da jawabi, kowane kuma ya tafi tare da gwamnatin da ta kawo shi.

Me ya kashe OFN? Abu na farko, kuɗin fetur ya sa naira ta yi ƙarfi a lokacin, shinkafar waje ta yi araha, jiragen ruwa suka yi ta sauke ta a Ikko. Gwamnati tana cewa a yi noma da baki, tana buɗe wa abincin waje ƙofa da hannu. Abu na biyu, taki da bashi sun fi faɗawa hannun manyan ma'aikata da 'yan kwangila fiye da mai riƙe da fartanya. Abu na uku, an ɗauki yaron da bai taɓa yin huɗa ba an ce ya koya wa tsohon da ya yi shekara arba'in a gona. Abu na huɗu, shirin bai kafa wani abu mai ɗorewa a unguwa ko ƙauye ba, wanda zai ci gaba da aiki bayan an naɗe tuta. Duk waɗannan kurakurai suna nan suna jiranmu idan ba mu yi hattara ba. Ko a 2024, gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Mai saye ya ɗan sami sauƙi, amma a 2025 manoma sun koka cewa hatsi ya faɗi alhali taki bai sauko ba. Manomin da ya yi asara bana, da wuya ya faɗaɗa gona baɗi.

Akwai kuwa abin da ya yi aiki, kuma ya kamata a koya daga gare shi. A farkon shekarun 1990 aka fara shirin fadama da taimakon Bankin Duniya. Abin da aka kai wa manoma ba wani abin al'ajabi ba ne: ƙananan rijiyoyin burtsatse marasa zurfi da ƙaramin injin ban-ruwa da mutum ɗaya zai iya ɗauka a kan keke. Wannan ya maye gurbin jigo, noman rani ya bunƙasa, har yau kuma ana cin moriyarsa. A Jamhuriyar Nijar, bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kountché ta tura jama'a noman rani a bakin tabkuna da rijiyoyi, al'adar kuma ta zauna. A ƙasar Jos, tun da daɗewa manoma suka mai da kududdufan da masu haƙar kuza suka bari wurin ban-ruwa, daga nan kabeji da karas da latas ke tafiya har kudu. A duk wuraren nan, ruwa aka samu da kayan aiki daidai ƙarfin talaka, sai jama'a suka yi sauran da kansu.

Saboda haka muna kira ga gwamnatoci, musamman na jihohi da ƙananan hukumomi waɗanda suka fi kusa da jama'a, da su dubi abubuwa biyar.

Na farko shi ne fili. Mafi yawan talakawan birni a gidan haya suke, iyali takwas ko goma a tsakar gida ɗaya da aka shafe da siminti. Ana iya shuka a buhu ko a tsohon bokiti, har doya ma ana yi a buhu yanzu, kuma muna ƙarfafa wannan. Amma buhu yana da iyaka. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, na karkara kuma a hannun ƙaramar hukuma. Kowa yana ganin filayen gwamnati da aka kewaye shekara da shekaru, ba gini ba shuka, sai ciyawa da macizai da juji. A yanka su ƙanana a ba mazauna unguwa aro, da takarda, na shekara uku ko biyar, a fara da gwauraye da waɗanda rikici ya kora daga ƙauyukansu. Takardar tana da muhimmanci, domin babu mai zuba taki da gumi a wurin da za a iya korarsa ana gobe girbi.

Na biyu shi ne ruwa, kuma a nan ne yawancin lambuna ke mutuwa. Damina ba ta da matsala. Amma daga Nuwamba zuwa Mayu, lokacin da ganye ya fi tsada, lambu mai faɗin mita biyu da tsawon mita biyar yana shan jarka biyu zuwa uku a kowace rana. Gidan da ke sayen ruwan sha wurin 'yan ga-ruwa ba zai iya wannan ba, domin kuɗin ruwan zai fi kuɗin miyar. A gyara famfunan unguwa, a haƙa rijiya a kowane filin da aka raba, a taimaka wa gidaje da tankin tara ruwan indararo. Idan aka bar wannan, jama'a za su koma ga ruwan kwata. A Kano an daɗe ana ban-ruwa da ruwan Jakara da na Getsi, masu ɗauke da ƙazantar gari da dattin masana'antu. Latas da kabejin da aka shayar da irin wannan ruwa, aka ci ɗanye, hanya ce ta taifot da amai da gudawa. Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Na uku shi ne iri mai kyau da mai koyarwa. Ƙasar nan ba ta rasa masana ba. Ga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, ga cibiyar binciken kayan lambu ta Ibadan mai rassa a Bagauda da Daɗin Kowa, ga ta Umudike da ta fitar da dankali mai jan ciki, wanda ke ɗauke da sinadarin da ke kare idon yara. Amma tsakanin waɗannan wurare da uwargida a Kafanchan ko Biliri ko Zuru akwai tafiya mai nisa. Abin da ke isa gare ta shi ne irin da aka ƙulla a leda a kasuwa, wanda ba ta san ko zai tsiro ba, da maganin ƙwari da mai shago ya ce ta fesa, ba tare da ya gaya mata kwana nawa za ta jira kafin ta tsinka ba. Malaman gona sun ƙaranta, malami ɗaya ga dubban manoma, da yawansu kuma ba su da ko babur. A ƙarshen shekarun 1980 an buɗe sashen mata a hukumomin raya aikin gona na jihohi, domin mace ta koya wa mace. A farfaɗo da wannan sashe, a ba shi kuɗin aiki, domin lambun gida a hannun mata yake.

Na huɗu shi ne doka da dabbobi. Akuya ɗaya tana iya share aikin wata biyu kafin a sauko daga sujada. Da rani ana sakin awaki da tumaki da aladu suna yawo, daga nan kuma sai faɗa tsakanin maƙwabta, wani lokaci har gaban alƙali. Ƙananan hukumomi da masu unguwanni su tsai da ƙa'ida a kan ɗaure dabbobi, su kuma bayyana a fili abin da aka yarda a shuka a cikin gari da inda aka yarda. Bai kamata wani ofishi ya ce a shuka, wani kuma ya turo ma'aikata da adda su sare ba.

Na biyar shi ne kaji. Kaza biyar a gida ƙwai ne ga yara, kuɗin makaranta ne kuma idan ta ɓaci. Amma kowace shekara da hunturu annoba takan bi gida gida ta share su. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana yin rigakafin wannan cuta, har da irin wanda ke jure zafi, wanda ake ɗigawa a ido ko a zuba a ruwan sha. Kuɗinsa kaɗan ne. Abin da ya rage shi ne a kai shi unguwa da ƙauye kafin sanyi ya shigo, kamar yadda ake yi wa yara rigakafi.

Duk waɗannan suna bukatar kuɗi, kuma a nan ake gane gaskiyar niyya. A 2003, a birnin Maputo, shugabannin Afirka, har da namu, sun yi alkawarin ba aikin gona kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗinsu. A yawancin shekarun da suka biyo baya, kason noma a kasafin tarayya bai kai ko rabin wannan ba. Gasa tana da daɗi, kuma muna taya waɗanda suka ci murna. Amma gasa mutum ɗaya take ɗagawa, rijiya kuwa unguwa guda take shayarwa. Muna kuma roƙon a dawo da gonar makaranta a firamare da sakandare, a bar yara su ci abin da suka noma, kada kuma malamai su ci gaba da mai da noma horo ga yaron da ya yi laifi. Yaron da aka hora da fartanya ba zai girma yana ƙaunarta ba.

Yanzu kuma sai mu juyo kanmu, 'yan'uwa, domin idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Da yawa cikinmu 'ya'yan manoma ne, amma da muka shigo birni muka sami albashi, sai muka shafe tsakar gida da siminti, muka shuka furanni, muka fara jin kunyar a gan mu da fartanya. Majami'u da yawa suna da haraba mai faɗi da rijiya da danga, wato ainihin abubuwa uku da mai haya ya rasa. Me zai hana dattawan ikilisiya su ware wani sashe su raba wa gwauraye da baƙin da rikici ya koro? Zumuntar Mata tana haɗuwa kowane mako, ga wurin musayar iri da dashe da dabara. A kusan kowace ikilisiya akwai malamin gona ko likitan dabbobi da ya yi ritaya yana zaune, ba a taɓa neman saninsa ba. ECWA da COCIN da EYN duka sun daɗe da sassan raya karkara, kuma ya kamata ƙananan hukumomi su yi aiki tare da su, haka ma da ƙungiyoyin maƙwabtanmu Musulmi, domin yunwa ba ta tambayar mutum inda yake sujada. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake so ya ci ganyen lambunsa da rani, tun kafin ruwa ya ɗauke zai tara taki, ya kafa danga, ya ajiye iri. Kowane gida ya fara da abin da yake da shi, ko buhu biyar ne a gindin bango. Sa'an nan idan kansila ko ɗan majalisa ko shugaban ƙaramar hukuma ya zo neman ƙuri'a, a tambaye shi fili nawa aka raba, rijiya nawa aka haƙa, malamin gona nawa aka ɗauka, kuma yaushe mutanen ƙauyenmu za su koma gonakinsu. Mu za mu ɗauki nauyin miya. Gwamnati ta buɗe mana hanyar gona, domin a sami tuwon da za a ci da ita.

Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiyar cin amfaninta.